Jarrabawar Blagica Ranar Gasa Tattasai

Ƙanwata Blagica ta ci jarrabawa! An ɗauke ta a makarantar masu lissafi ta Skopje, babban birni. Murna kamar in yi tsalle, amma wallahi har yanzu raina a ɓace yake.

Yarinyar nan tun tana ƙarama lamba ce abin wasanta. Mota in ta wuce a titin garinmu Strumica, mu fenti muke kallo, ita lambar take karantawa, ta ce wannan tana rabuwa uku, waccan mai taurin kai ce, ba abin da ke raba ta. Ni da ƙyar na gama firamare. Wata rana ta ce min, "Yaya Mitre, ka san dubu takwas da ɗari da ashirin da takwas? Cikakkiya ce. Ka tara duk lambobin da ke ƙasa da ita masu raba ta daidai, ita ɗin za su sake ba ka. Irinta ba su da yawa." Ban gane ba, amma na ga yadda idonta ke ƙyalli.

To sai jarrabawar ta faɗo ranar ajvar, ranar da gida ke gasa tattasai, a ɓare, a tuƙa, a ɗura a kwalabe saboda sanyi. Ɓarewa aikin mata ne, kuma tun rasuwar Inna hannun Blagica ake jira.

Baba ya ce, "Ba inda za ta. Lamba za mu shafa wa burodi?"

Goggo Slavka ta kama masa: "Mace da lissafi! Ta ƙirga kwalabe mana, ai ya ishe ta."

Gari na wayewa na saka Blagica a mota ta tafi jarrabawa, na dawo na ɗaura zanin girkin Inna, na zauna tsakiyar mata. Ƙato da ni, da gemu. Baba ya zage ni tas. Maƙwabcinmu Kiro ya leƙo ta shinge yana ihu, "Amarya Mitre, sannu da aiki! Yaushe ne biki?"

Na ce, "Ranar da matarka ta bar ka ka riƙe makullin gidanka."

Mata suka kwashe da dariya. Yatsuna duk suka ƙone, bawon ya ƙi fita, Goggo na ta mitar ina ɓarna. Baba kuwa ya daina min magana.

Jiya sakamako ya fito. Kun san inda na tarar da Baba? A shagon kofi, ya baje yana cewa, "Jinina ce, kaina ta ɗauko!" Kai! Mutumin da ya ce ba inda za ta! Har Goggo wai ita ta fara gane yarinyar daban ce.

Litinin za ta tafi. Baba ya goge kwat, wai zai raka ta. Na ce to, ya zo. Amma jakarta ni zan ɗauka, kuma ni zan zauna kusa da ita.