Ƙaron da Ba a Sa wa Bula Ba

Mahaifina mai fentin manyan motoci ne a Gadarif, a unguwar makanikai da muke kira mantiga. Kakansa ya taso daga ƙasar Hausa da niyyar Makka, ya yada zango a nan don ya huta kwana biyu, kuma har yau zuriyarsa ba ta gama hutawa ba. Ni na fita daban a gidan, na zama malamin firamare. Baba yakan ce sana'armu ɗaya da shi, sai dai rubutuna ana goge shi kafin azahar, nasa kuwa yana zuwa Fashaga ya dawo.

Zamanin ne da gonakin tarakta suka mamaye baƙar ƙasar da ke kewaye da garin. Da damina ta ja baya, kowane mai gona yana son motarsa ta shiga ɗaukar riɗi da dawa da sabon ado. Sai ka ga lori biyar ko shida sun yi layi a gaban rumfar Baba, direbobi na zaune a kan tsofaffin tayoyi suna shan gahawa, suna ba shi shawarar da bai nema ba.

Kayan aikinsa ba su da yawa. Akwai injin iska da ya haɗa daga injin tsohon firiji, da babbar bindigar feshi, da wata ƙarama siririya kamar alƙalami, wadda yake yi wa haruffa inuwa da ita. Amma feshi ba shi da ladabi, ba ya tsayawa inda aka ce ya tsaya. Saboda haka mafi yawan aikin rufewa ne. Duk abin da kake son ya tsira, shi za ka fara ɓoyewa. Idan miƙaƙƙen layi ne, takardar buhun siminti yake liƙawa. Idan gefen yake so ya yi laushi kamar hayaƙi, sai ya riƙe kwali nesa da ƙarfen da faɗin yatsa ɗaya ya fesa ta bakinsa. Ya taɓa yin adon ƙofar wata mota da tsohon labulen mahaifiyata mai huda-huda, kuma an yi sati guda ba a yi masa magana mai daɗi a gida ba.

Rubutu kuwa da ƙaro yake yi, kuma a nan sunansa ya fita. Zai fesa ruwan ɗorawa a jikin allon bayan mota ya bari ya bushe. Sai ya jiƙa ƙaron hashab, wato na itacen dakwara, ya sa masa cokali ɗaya na sukari don kada ya tsage a rana, da cokali ɗaya na bula, irin wadda mata ke sa wa farin kaya, don a ga inda buroshi ya bi, tunda ƙaro shi kaɗai kamar ruwa yake. Da wannan zai rubuta haruffan. In sun bushe sai ya fesa kore a kan komai, rubutun ya ɓace. Washegari a kawo ruwa da tsumma. Ƙaron ya narke, ya ɗago koren da ke kansa, haruffa su fito ruwan ɗorawa, bakinsu kamar an yanka da aska. Mutane kan baro aikinsu su zo kallon wankin.

A shekarar da nake ba da labari, idon Baba ya fara tafiya. Kowa a gida ya sani. Mahaifiyata ta daina matsar da buta daga inda ya saba samunta, ni kuma na koma karanta masa wasiƙu da sunan ina gwada muryata. Babu wanda ya furta. A mantiga kuwa ba wanda ya sani, kuma haka yake so. Mai rubutun da aka ce ba ya gani, ko hannunsa na zinariya ne, ba mai sake kawo masa mota. Ya riƙa auna allo da taƙi, yana shafa bakin takarda da ɗan yatsa, ayyukan kuma suna fita lafiya. Mu ma muka ɗauki wannan a matsayin hujjar yin shiru.

Wata Laraba na taso daga makaranta na biya da abincin ranarsa. Na tarar yana kan benci a bayan lorin wani direba, taubashinsa ne, mai jigila tsakanin Ƙala'at an-Nahal da kasuwar amfanin gona. Direban ba ya nan. Baba na rubutu a tsanake, hannunsa na hawa yana sauka yadda na san shi tun ina ƙarami. Allon kuwa fes yake. Babu komai a jikinsa sai ɗan ƙyalli idan ka karkata kai.

Na duba kantar da yake ajiye kaya. Gwangwanayen madara biyu ne iri ɗaya, ɗaya na sukari, ɗaya na bula. Na sukarin a buɗe, cokali a ciki. Na bular murfinsa har da ƙura. Ashe sukari ya ɗiba sau biyu, yana zaton na biyun bula ce.

"Ustaz, ka zo?" in ji shi, bai juyo ba. Haka yake kirana idan yana cikin nishaɗi. "Duba mini. Bular ba ta yi yawa ba?"

Ina da yara arba'in a aji. Kullum sai na bi littattafansu da jan biro, kuma ban taɓa jin nauyin gaya wa ɗan kowa cewa ya yi kuskure ba. Na tsaya riƙe da kwanon abinci ina kallon ƙeyar mahaifina, inda furfura ta fito a ƙarƙashin hula.

"Ta yi daidai, Baba," na ce.

"Kwayyis, madalla."

Ya ci gaba. Na gaya wa kaina cewa bula ai don ido ce kawai, hannun ya san hanyarsa. Abin da ban sani ba, domin ban taɓa zama na koyi sana'ar ba, shi ne aikin cokali biyu na sukari a cikin ƙaro. Ba ya bushewa da wuri. Yana zama da danƙo, in zafin la'asar ya bugi ƙarfe sai ya fara zamewa ƙasa a hankali. Da akwai bula, ko makanikin da ke wucewa zai gani ya yi magana. Da yake babu ita, sai kore ya hau ya rufe komai.

Ranar Alhamis muna tashi da wuri, don haka na iso kafin a fara wanki. Direban na nan, da makanikai uku ko huɗu, da mai gyaran taya na kusa.

"Ga ustaz ma ya zo duba jarrabawa," in ji direban, sa'an nan ya juya ga Baba, wanda suke kira usta, wato gwanin sana'a. "Usta, yau ɗanka zai ba ka maki. In ka faɗi sai ka maimaita aji."

"Kai da ba ka taɓa shiga ajin ba fa?" in ji Baba. "Motarka ta fi ka karatu. Ita ko ba komai tana ɗauke da rubutu."

"Tsufa dai ya zo, bakin ne bai ji labari ba," in ji direban.

"Matso da tasar nan, ya zol, bawan Allah, ka bar surutu."

Tasar tana da dalili. Rubutun da ake yi wa bayan mota kusan kullum akwai sunan Allah a ciki, na wannan ma Ma sha Allah ne da addu'ar sauka lafiya. Baba ba ya yarda ruwan da ya wanke wannan suna ya zuba a ƙasar gareji, inda baƙin mai yake, mutane kuma na takawa. A tasa yake tara shi, ya kai gindin darbejiyar da ke bayan rumfa ya zuba. Takardun da ya yanka haruffa a jikinsu ma ba ya yarwa, ƙonawa yake yi. Direban ya durƙusa ya riƙe tasar, yana ƙorafin gwiwa.

Baba ya jiƙa tsumma ya ɗora a kan allon, ya jira kaɗan, ya fara shafawa daga dama. Harafin farko ya fito. Samansa daidai yake, kaifi kamar kullum. Amma daga gindinsa wani siririn layi ya sauko, tsawon yatsa, ya ƙare da ɗigo. Na biyu ma haka. Kowane harafi ya zubo, wasu sun haɗe da na kusa da su, har layin ƙasa ya koma abin da ba ya karantuwa.

Surutu ya tsaya. Mai gyaran taya ya tuna yana da aiki. Baba kuwa bai daina shafawa ba, domin shi bai ga komai ba, sai da shirun ya yi masa yawa. Ya ajiye tsumman. Ya ɗora yatsunsa a kan allon. Bayan wanki, bakin koren yakan ɗan tashi sama da ruwan ɗorawa, yadda fata za ta iya jinsa. Ya bi harafin farko, ya zagayo, ya iso gindinsa, sai yatsan ya bi layin nan ya sauka har ɗigon. Ya koma na biyu. Bai tsallake ko ɗaya ba. Haka ya karanta aikinsa daga farko har ƙarshe a gaban mutane, da hannu, kuma duk wanda ke wurin ya fahimci dalilin da ya sa da hannu yake karantawa.

Ya kai yatsan bakinsa ya ɗanɗana.

"Sukari," ya ce.

Direban ya ajiye tasar a hankali. "Ma'alesh, ba komai, usta. Bar shi haka. Wa ke karanta bayan mota? Ƙura ce za ta rufe shi kafin mu kai Mafaza."

"Sunan Allah ne. Ba zai fita daga rumfata haka ba."

Sa'an nan ya juyo wajen da nake, bai dace da fuskata sosai ba, ya ɗan kauce hagu.

"Jiya ka gani?"

"Na ga babu bula."

"Ka ce ta yi daidai."

Sai ya ƙara da wata tambaya.

"Yaran mutane ma haka kake yi musu?"

"A'a, Baba."

"To ni me na yi maka?"

Bai ɗaga murya ba. Na sha karanta bayanai a kan ladabin ɗa ga mahaifi, na kuma koyar da su da alli, amma ban taɓa cin karo da babin da ya yi maganar wannan ba. Na ce masa na ji nauyi ne. Ya ce ya sani, kuma nauyin da na ƙi ɗauka jiya a gaban mutum ɗaya, ga shi yau ya ɗauka a gaban shida.

Ya ce wa direban ya bar motar zuwa Lahadi. Direban ya ce ko zuwa girbin baɗi ne zai bari, dama ita ma ta gaji da shi. Ba wanda ya yi dariya, shi ma bai sa ran a yi ba.

Ranar Juma'a bayan masallaci muka kankare allon, ya sake fesa ruwan ɗorawa. Ranar Asabar, da yake ranar karatu ce a wurinmu, na nemi izini a makaranta. Ni na jiƙa ƙaron, cokali ɗaya daga kowane gwangwani, ina faɗa da baki yana ji. Ya hau benci. Na tsaya a bayansa, aikina kawai in faɗi abin da nake gani.

"Sama kaɗan. Tsaya. Buroshin ya bushe."

"Wutsiyar ta kai?"

"Ba ta kai ba. Saura rabin yatsa."

"Yanzu fa?"

"Ta wuce."

Ya sa tsumma ya goge, ya sake. Sau huɗu na ce masa bai yi ba a harafi guda, kuma kowane karo sai ya ce "to" kamar ɗalibin da ya san malaminsa na da gaskiya. Aikin da yake gamawa kafin shayi ya huce ya kai mu har la'asar. Ranar Lahadi aka wanke. Ya fito da kyau. Ba shi ne mafi kyawun aikinsa ba, na kuma gaya masa haka da ya tambaya. Ya gyaɗa kai.

Akwai motoci uku da ke jiran layi. Ya kira direbobinsu ɗaya bayan ɗaya, ya ce su kai wa wani mai fenti da ke ƙarshen titi, ya ce yaron hannunsa ba laifi, sai dai su hana shi yawan ja. Ɗayansu ya fara cewa ai za su jira, Baba ya ce riɗi ba ya jira, in ya bushe zubewa yake yi. Ya kashe injin iska, ya wanke bindigogin biyu da kananzir, ya naɗe ƙaramar a tsumma ya sa a aljihun jallabiyarsa.

Muka fito rana na da sauran tsayi. Tsakanin mantiga da unguwarmu akwai babban titin da motocin dawa ke bi, kuma shekara da shekaru shi kaɗai yake ƙetarawa, yana tafe da sauri kamar mai jin haushin hanyar. Ran nan, da muka iso bakin kwalta, sai ya tsaya. Na tsaya. Motoci biyu suka wuce. Sai na ji tafin hannunsa a kafaɗata, da nauyinsa, yana ɗan warin kananzir.

"In hanya ta buɗe ka faɗa mini," ya ce.

Na jira wata tarakta mai jan tirela ta wuce, na duba dama da hagu sau biyu.

"Ta buɗe, Baba."

Muka ƙetara.