Yuguda Bakanike da Yarinyar Goggo

Ina tasha a Jos, ina ɗaure kaya a bayan mota, wani direban Gombe ya zo ya dafa kafaɗata. Ya ce, "Ja'afaru, sai haƙuri. Yuguda bakanike ya rasu jiya da hantsi, an kai shi bayan azahar." Igiyar tana hannuna. Na ci gaba da ɗauri har na gama, na ja ƙullin na tabbatar ya kama, sannan na zauna a ƙasa na jingina da taya. Ban samu jana'izarsa ba. Shi ya sa nake rubuta wannan, ko wanda bai san shi ba ya san shi.

Yuguda Bafulatani ne, an haife shi a wata ruga can ciki bayan Kwadon. Shanun mahaifinsa suka ƙare a wata annoba, ya shigo Gombe yana saurayi, wajen lokacin da ake shimfiɗa layin dogo. Ya koyi aiki a hannun wani bakanike mutumin kudu, wanda rikici ya sa ya koma gida, ya bar masa akwatin sufanu da inuwar darbejiya a hanyar gidan gurzar auduga. Wannan inuwa ita ce garejinsa har ya bar duniya. Siriri ne, ba ya son magana, kuma duk notin da ya kwance sai ya jera shi a kan buhu bi da bi, wanda ya taɓa masa ɗaya sun ɓata ke nan. Ni uwata Babarbariya ce, don haka tun ranar da muka haɗu yake kirana bawansa, ni ma ina ramawa, kamar yadda Fulani da Barebari suka saba. Na fi shekara goma sha biyar ban ji ya kira ni da wani suna ba a gaban mutane.

Yana da 'yar fari, Safiyyatu. Da aka yaye ta aka kai ta ruga wajen Goggo, yayar mahaifinsa, ta riƙe ta. A wajensu mutum ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya ɗaukarsa, ba ya tambayar lafiyarsa a gaban jama'a. Kunya ce, kuma Yuguda ya riƙe ta fiye da kowa, don sunan mahaifiyarsa aka sa wa yarinyar. Idan zancenta ya kama dole sai ya ce "yarinyar Goggo". Amma duk sallah ni nake kai atamfa da takalmi ruga, in ce Goggo aka aiko wa, alhali takalmin ba zai shiga ko yatsun Goggo ba.

A daminar 1975, shekarar da aka ƙara wa ma'aikata albashi gari ya cika da sababbin Fijo da babura, ina tuƙa wa Alhaji Aƙilu dillalin auduga wata Landiroba mai shan gas. Ta daɗe tana ɗigar da baƙin mai ta ƙasa. Yuguda ya ce sil ɗin bayan kirenshaf ne, wata 'yar roba mai kamar awarwaro da ke tare mai a inda inji ya haɗu da giyabos. Da ta cinye, man ya riƙa zuba a kan kuloci, har ya kai inji yana ruri mota ba ta gaba. Aka sayo sabon sil daga Jos, na tura motar ƙarƙashin darbejiya, muka ce sai bayan Juma'a, don aikin kwana biyu ne.

Ranar Talata da yamma Bamanga, ɗan baffan Yuguda, ya iso a kan keke, laka har gwiwa. Garejin cike da mutane. Suka gaisa da Fulatanci, suka yi ta jam jam. Can Bamanga ya sunkuyar da kai ya ce, "Goggo tana gaishe ka. Yarinyar wajenta ba ta ɗan jin daɗi."

Yuguda ya ce, "Allah ya sawwaƙe." Ya koma kan kabiretar da yake wankewa.

Bamanga ya tsaya yana jira a tambaye shi. Yuguda yana jira a faɗa masa ba tare da ya tambaya ba. Babu wanda ya yi laifi a cikinsu, kowa ya yi abin da aka koya masa. Bamanga ya tafi ya kwana wajen wani ɗan'uwansu a gari.

Da sassafe na same shi wajen mai shayi, ni da ba ruwana da wannan kunya na ce, "Wai me ke damun Safiyyatu?"

Ya ce, "Kububuwa ce ta sare ta a gona shekaranjiya. Ana ta ba ta saiwa. Amma jini yana fita ta dasashinta, ya ƙi tsayawa."

Duk wanda ya zauna ƙasar nan ya san saran kububuwa. Mutum yana zaune yana magana jini yana tsiyaya a cikinsa, idan ba a kai shi asibiti an yi masa allura ba, sai dai a jira. Na bar shayin na ruga gareji. Na ja Yuguda bayan bishiya na faɗa masa. Fuskarsa ba ta motsa ba, amma sufanan da ke hannunsa ya faɗi bai sani ba.

Muka fara lissafin hanya. Daga Kwadon zuwa rugar baƙar laka ce, ga fadama a tsakiya. Fijo ba ta shiga, babbar mota ta nutse, babur ma sai an ɗauke shi a ka. Bamanga ya ce Goggo ta rantse ba za a ɗora yarinyar a jaki ba, girgiza za ta ƙarasa ta. Na zaga gari neman wata Landiroba, waɗanda na sani duk suna daji, ɗaya ta tafi Nafaɗa, ɗaya Dukku. Na je wajen Alhaji Aƙilu na roƙi motarsa da ke gareji, ya ce, "In ta tashi ku tafi, Allah ya ba da sa'a." Da na dawo na tarar Yuguda ya riga ya cire kujeru da daɓen motar, ya shimfiɗa buhunsa, ya tura Bamanga gaba a kan keke ya ce a jira mu.

Robar nan ba ta cika tafin hannu ba, amma kafin a kai gare ta sai an fitar da rabin cikin mota. Giyabos ɗin Landiroba ta cikin ɗakin direba ake ɗago shi. Muka kira Titus mai walda, maƙwabcinsa, muka zura ƙarfe ta ƙofa zuwa ƙofa, muka ɗaure da sarƙa, ni da Titus muka sa kafaɗa.

Titus yana nishi ya ce, "Kai Bafulatani, wannan ai ya fi saniyar ubanka nauyi. Saurin me ake yi? Alhaji zai ɗauko amarya ne?"

Yuguda daga ƙasa ya ce, "Ɗaga kawai, Titus."

Titus ya dube ni. Na ce masa a hankali, "Yarinyar Goggo ce. Maciji." Bai sake wasa ba. Ya je ya kashe injin waldarsa ya sallami masu jiransa, ya dawo ya tuɓe riga.

Aka cire kuloci, ya jiƙe sharkaf da baƙin mai, kuma babu sabo a kusa. Yuguda ya wanke faifan da fetur ya cinna masa ashana, muka tsaya muna kallon man yana ƙonewa da baƙin hayaƙi, ya goge da yashi. Aka kwance fulawil, babban faifan ƙarfen da ke bayan inji, aka sauke kaskon mai na ƙasan inji. Rana ta take tsaka. Ladi mai abinci ta kawo masa tuwo ta ajiye, ƙudaje suka cinye rabonsu, bai duba ba. Azahar ma sai da na janye shi da ƙafa ya fito ya yi, ya koma.

Sabon sil ɗin a tsage yake ta gefe ɗaya don a iya naɗa shi a jikin kirenshaf, kuma yana da wani siririn sifirin kamar zaren tsintsiya da ake zagayawa a maƙale bakinsa biyu, shi ke matse robar. Na sha ganin Yuguda yana maƙala irinsa yana hira. Ran nan hannunsa yana rawa. Ya gwada, ya kuɓuce. Ya sake gwadawa, sai muka ji ƙyas, sifirin ya yi tsalle ya ɓace a cikin yashi.

Ya fito daga ƙarƙashin motar da rarrafe yana shafa ƙasa da tafukansa. Yashin garejin baƙi ne, cike da guntayen waya da ƙusa. Na ce ko a sa tsohon, ya nuna mini shi, ya tsinke tun wajen cirewa. Ba wani sai Jos. Muka durƙusa mu uku muna tona. Yuguda yana cewa, "Nan ya faɗi, nan na ji shi," yana tona inda ya riga ya tona. Ban taɓa jin muryarsa haka ba, kamar ta yaro.

Ladi ta zo ta tsaya a kanmu riƙe da ƙugu. "Manya uku kuna tonon ƙasa kamar kaji. Ku matsa." Ta koma rumfarta ta ɗauko rariyar da take tankaɗen gari, ta durƙusa da zanenta mai kyau ta fara ɗiban yashi tana tankaɗewa. Ba ta tambayi kowa komai ba, ashe ta ji abin da na gaya wa Titus. Ta ce, "Malam Yuguda, je ka sha ruwa. Hannun nan naka ba zai ɗaura komai ba a haka." Ya ƙi tashi. Tana tankaɗe, inuwar darbejiya tana matsawa gabas, ni ina kallon inuwar ina jin kamar in riƙe ta. Can sai ga shi a cikin rariya tare da wani tsohon noti.

Yuguda ya wanke shi da gas, ya yi bisimilla, ya ce in riƙe masa tsintsiyar hannu. Na kwanta gefensa a ƙarƙashin motar na riƙe. Ya maƙala. Ya shafa wa robar mai, ya juya tsagin ya kalli sama yadda mai ba zai same shi ba, ya shafa da yatsa ya zagaye. Daga nan ya mayar da komai yana bin jerin buhunsa daga ƙarshe zuwa farko, bai tsallake noti ɗaya ba, ko da na ce ya bar wasu ma ɗaura daga baya. Daɓen motar kaɗai ya yarda ya bari. Bayan la'asar na murza makulli. Ya leƙa ƙasa ya daɗe yana kallo, babu ɗigo. Ya ce, "Mu tafi, bawana."

Motar ta ratsa lakar nan tana kuka, muna ganin ƙasa tana gudu a ƙarƙashin ƙafafunmu. A ruga muka tarar da Safiyyatu kwance a tabarma, ƙafar ta kumbura har cinya, leɓɓanta sun yi fari, da jini a gefen bakinta. Shekarunta ba su wuce goma sha biyu ba. Mata suna tsaye suna kallo. Yuguda ya gaida Goggo, ya tambayi shanu, ya tambayi ruwan sama, idonsa yana ƙasa. Ni na ɗauke ta na sa a mota. Sai da muka bar ruga, ba kowa sai mu da Goggo, sannan ya tsallaka baya ya karɓe ta ya ɗora kanta a cinyarsa.

A fadama ta fara lumshe ido. Goggo ta ce da Fulatanci a yi mata magana kada ta tafi, ita muryarta ta dushe da kuka. Na ji Yuguda yana cewa, "Ke. Ke, yarinya." Ba ta motsa ba. Na waiga na ga bakinsa yana buɗewa yana rufewa. Sunan yana nan, ya ƙi fita. Sai ya ce, "Ja'afaru, kira ta."

Ran nan ne ya kira ni da sunana. Na riƙe sitiyari ina kira, "Safiyyatu! Safiyyatu, Bappanki Ja'afaru ne, amsa mini." Can ƙasa ta ce, "Na'am." Haka muka yi ta yi, ina kira tana amsawa, wani lokaci sai na kira da yawa kafin ta amsa, shi kuma yana riƙe da ita yana cewa, "Sake. Sake kira." Muka wuce Kwadon, muka hau kwalta, muka shiga Gombe ana kiran magariba. A asibiti ma'aikaciyar jinya ta ce, "Wane ne ubanta?" Ya sunkuyar da kai, na nuna shi da hannu. Aka yi mata allurar, aka ƙara mata jini daga jikinsa. Ta tashi.

Bayan Goggo ta rasu ta dawo gidansa da zama, ta shiga makaranta. Bai canza ba. Idan yana son ruwa sai ya ce, "Wa ke nan?" ita kuma ta san da ita ake.

Ciwon hanta ne ya kwantar da shi a bana. Ranar da zan tafi Jos na biya ta gidansa da hantsi. Yana kwance a zaure, ya rame har hannayen nan sun zama kamar kara, baƙin mai bai gama fita daga faratansa ba. Safiyyatu ta kawo mini ruwa ta durƙusa ta gaishe ni, ta koma ciki tana ɗan ɗingishin da saran ya bar mata. Ya bi ta da ido har labule ya rufe.

Na ce, "Ba kowa a nan sai ni. Ka faɗi sunan nan sau ɗaya mana, kowa ya huta."

Ya yi murmushi. "Babarbare ba ya da kunya, shi ya sa na ajiye ka."

"Ni na ajiye ka dai. Ka warke in dawo in karɓi harajina."

Ya kamo hannuna, daidai inda na riƙe nasa a ƙarƙashin mota. Ya ce, "Bawana, ran nan kai ka kira mini ita. In ba na nan, ka riƙa zuwa kana kira mini ita, ta ji."

Na ce, "Zan kira ta."

Ya ce, "Da ƙarfi, kamar na fadama."

Na ce, "To."