Turame huɗu da na sa aka cire wa Inna

Shekarun baya can, lokacin ina ji da kaina don na yi wata shida ina tsaron kemis a Gaya, mahaifiyata ta kamu da ciwon muƙamuƙi a gida Toranke. In ta yi hamma sai ka ji ƙas kusa da kunnenta. Tauna ta gagara, ta koma kunu da fura, ta rame sai idanu.

Ni likitan gida, ina zuwa na yanke hukunci: haƙori ne. Ta ce, "Ɗan nan, ba a haƙori nake ji ba, a gindin kunne ne." Na ce, "Inna, ai haka yake harbawa." Ranar kasuwar Ajingi na goya ta a babur sai rumfar mai cirar haƙori. Ni na riƙe mata kai. Ciwo bai tafi ba, muka koma. Zuwa uku, aka cire turamen haƙora huɗu.

Sai da bakin ya ƙi buɗuwa ya wuce faɗin yatsa muka shiga motar Kano. A asibiti likita ta duba hoton da aka ɗauka, ta ce guringuntsin mahaɗar muƙamuƙi ne ya cinye, ya kumbura. Ta leƙa bakin, ta ɗago. "Wa ya cire mata haƙora lafiyayyu?"

Inna ta riga ni. "Ƙaddara ce, 'yar nan."

Wallahi gara a ce zagina Inna ta yi.

Jininta suka ɗiba, suka juya a na'ura, suka zuƙe ruwan da ya taso sama suka yi mata allura da shi a mahaɗar. Inna ta ce, "Au, maganin yana jikina muke ta yawo?" Likita ta ce ba warkewa ba ce, sauƙi ake fata. Bayan allura ta uku sauƙin ya zo, bakin ya buɗe.

Don murna na sayo mata balangu a tashar Gaya. Ta sa yanka ɗaya a baki, ta kai shi hagu, ta kai shi dama, ta tsotse, sannan ta tofa a gefen mayafi ta ƙudundune don kar in gani. Na gani.

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma nawa a wuyan uwata ya faɗa, kuma abin yana cina har yau. Duk layya takan karɓi kasonta ta yi godiya, ta raba wa jikoki, ta ce ita nama ya gundure ta. Kowa ya yarda. Daga ni sai ita muka san ba haka ba ne.