Muryar Marigayi a Faifai

Wata Hajiya daga Pauwa ta kawo bidiyon marigayi mijinta shagona a Ƙanƙara, in sa mata shi a faifai. Da na kunna, sai bakinsa ya riga muryarsa, fuskarsa kuma ta baje kamar ba shi ba.

Maƙwabcina mai gyaran waya ya ce, "Ba ta haka nan, tsohuwa ce, ba za ta lura ba."

Na ce, "Wallahi ba zai fita shagon nan haka ba."

Faifai huɗu na lalata ina daidaita sauti da faɗin hoto. Na biyar ya yi daidai. Ta kalla sau biyu, sannan ta ce, "Haka Malam yake magana, a hankali."