Zakaran Da Ya Ƙi Ci

A kasuwar bakin kogin Tiber da ke birnin Roma, wani tsoho yana tsugune gaban akurki, zakara ɗaya ya rage masa. Mayafinsa ya koɗe, amma ya ja gefensa ya rufe kai, yadda ake yi gaban alloli kafin sarkin Roma ya kulle ɗakunan bautarsu. Ina jin mai kiwon kajin duba ne. A da, ko rundunar Roma ba ta fita yaƙi sai an watsa wa kajin hatsi sun ci, alamar sa'a ke nan.

Wata mata mai gicciye a wuya ta nuna zakaran. "Baba, ɗaure min wannan, gobe Idin Tashin Almasihu."

"Dakata, 'yata."

Ya watsa alkama. Zakaran ya kau da kai.

"Bai ci ba," in ji tsohon. "Yau ba ranar yin komai ba ce."

"Haba Baba! Mu ai za mu ci shi."

Masu kifi suka kwashe da dariya. Ya ɗaure zakaran, ya miƙa mata da hannu biyu. Sannan ya durƙusa yana tsince alkamar ɗaya-ɗaya. Ina tsammanin ita ce abincinsa na yau.