Mutumin da Ke Zaɓen Mafi Muni

Mai Madubi mutum ne siriri, kunnuwansa kamar tagogin da aka manta ba a rufe ba. Sana'arsa yankan gilashi da madubi, a wani ɗan shago da in ka yi atishawa sai ka nemi gafarar bango, tsakanin tela da mai cajin waya. Kullum mutane na shigowa su kalli fuskarsu kyauta su fice, shi kuwa yana girgiza kai, don ya san abin da ba su sani ba.

Kakarsa ce ta raine shi, ta cika masa kai da tatsuniyoyi. Kowa ya ji irinsu ya girma ya manta. Shi sai da furfura ta fara leƙowa sannan ya zauna yana gwada wannan da waccan, kamar mai zaɓen tumatir. A wata, yarinya ta ƙi akwatin zinariya ta ɗauki tsohuwar ƙwarya, dukiya ta fito daga ciki. A wata, budurwa ta bi kyakkyawan baƙo, suna shiga daji ya zama maciji. A wata kuma an so wani mummunan abu tsakani da Allah, gari na wayewa ya zama ɗan sarki.

"Duk bakinsu ɗaya," in ji shi. "Mai ƙyalli ƙarya ne. Ka ɗauki mafi muni, ka so shi, ka jira."

Daga ranar ya fara aiki da iliminsa. Ya shiga kasuwa ya ce a nuna masa fankar da ta fi kowace lalacewa, aka ba shi wadda ba ta juyawa sai an tura ta da yatsa. Ya sayi kaza mai ido ɗaya da ke tafiya a karkace. Ya sayi babur marar inji, kullum yana tura shi zuwa shago yana lallashinsa, ya jingine shi a inuwa kada ya galabaita. Akwai wani kwaɗo a kwatar ƙofar shagon, kowace safiya sai ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, an tashi lafiya?" Wai kada ranar rikiɗa ta zo a ce shi ne marar ladabi.

Matarsa tana ganin duk wannan. Ita ce ma ke tura fankar.

Rannan ta kawo masa abincin rana, ta tarar yana yi wa tela karatu. Tela kuwa bakinsa ya fi almakashinsa kaifi.

"To Malam," in ji tela, allura a baki, "tunda kai ba ka ɗaukar komai sai mafi muni, ita madam a wane layi ka samo ta?"

Duk madubin da Mai Madubi ya kalla sai ya ga fuskarta, kuma babu wanda take murmushi a ciki.

Ta ajiye kular abincin a hankali. "Baban yara, ba shi amsa mana. Ni ma ina so in ji."

In ya ce kyakkyawa ce, bisa karatunsa macijiya ke nan. In ya ce mummuna ce, ya kashe aurensa da bakinsa.

"Abincin zai huce," ya ce.

"Ina gida har la'asar. Bayan nan ka neme ni gidan Yaya."

Ya rufe shago ya bi ta a guje. Ya same ta tana ninke zannuwa tana jerawa a akwati.

"Akwai wata tatsuniya da..."

"Ka kuskura."

Ya laluba kansa kaf, kakarsa ba ta bar masa komai ba a kan mijin da matarsa ke haɗa kaya. Da dabara ta ƙare, sai ya faɗi gaskiya.

"Wallahi ni ban zaɓe ki ba. Wa ya ba ni zaɓi? Lokacin akwai mai mota yana son ki, akwai dogon nan mai kama da hoton kalanda. Ni rakiyar dogon ma na yi. Ke kika nuna ni."

Ta tsaya da zane a hannu. Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta daɗe tana dubawa, sannan ta zauna a bakin gado.

"Ni ma kakata ta yi mini tatsuniyoyin nan," ta ce.

Sai da maganar ta zagaya kansa ta dawo.

"Wato ni ne..."

"Kai ne mana. Shekara da shekaru ina yi maka wanki, ina dafa maka, ina son ka tsakani da Allah. Kullum da safe sai na leƙa fuskarka in ga ko an fara. Har yau ko hanci bai miƙe ba."

Ya shafa hancin. "To yanzu tafiyar za ki yi?"

"In tafi? In sha wannan wahala duka, ka zo ka rikiɗe bayan na bar gidan? Allah ya kiyaye." Ta fara kwashe zannuwan tana mayarwa cikin durowa. "Amma ka hanzarta, Baban yara. Gwiwoyina sun fara ciwo. In ka ƙara daɗewa, ba zan iya hawa matakalar fada ba."