Wa Ke Tatsar Shanun Hackbarth?

Verlyn Hackbarth shekarunsa hamsin da takwas, kuma bai taɓa kwana biyu a jere nesa da saniya ba. A gonar ubansa aka haife shi, nan yankinmu na jihar Wisconsin a Amurka, a nan ya bar makaranta, a nan gwiwoyinsa suka mutu. Ranar aurensa ma sai da ya tuɓe kwat ya yi tatsar yamma, amarya Darlene na zaune a mota tana jira.

Ƙanensa Curtis kuwa tun yana ɗan sha takwas ya toshe hanci ya gudu birni, ya karanta lauya, ya dawo da fararen haƙora. Da uban ya rasu sai gona ta zama ta su biyu, rabi na mai tatsa, rabi na mai aiko gaisuwar Kirsimeti.

Bana Curtis ya fito takarar majalisar wakilai a jam'iyyar masu ra'ayin riƙau. Takardar kamfe ta ce ɗan manomi ne da ya tashi cikin kashin shanu. Gaskiya ne, ya taɓa takawa. Manufofinsa: a rage haraji, kada a taɓa wa kowa bindigarsa, a hana zubar da ciki, a toshe iyaka. Duk waɗannan Verlyn ya yarda da su tun kafin ƙanen nasa ya iya ɗaura wando. Wata guda ce daban ta tsaya masa a wuya, wai dole kowane mai gona ya bincika takardun izinin zama na ma'aikatansa, wanda ba shi da su a kore shi.

To, akwai Ovidio. Mutumin Veracruz ne ta ƙasar Meziko, shekara sha bakwai yana tatsar shanu ɗari biyu da arba'in na gonar, shi da matarsa da surukinsa. Ranar da ya zo ya nuna wani katin izinin aiki, Verlyn ya duba da ido ɗaya ya miƙa masa. In Ovidio ya tafi, gona ta tafi.

Duk watan Yuni akan zaɓi gona ɗaya a yi karin kumallon jama'a, mutum dubbai su zo su ci fanke da cuku, 'yan takara su ɗaura gyauton girki suna zuba wa mutane. Curtis ya sa aka zaɓi tasu. Ana jibi taro ya zo da sabon takalmin gona, ko ƙura bai sani ba.

"Yaya, ranar Asabar ka ba mutanenka hutu."

"Shanun ma in ba su hutu?"

"Kwana ɗaya ne fa. 'Yan jarida za su zo."

"Sai ka tatsa, ɗan manomi. Ka tuna ta inda nono yake fitowa?"

Curtis bai yi dariya ba. Ya ce, "In abokin karawata ya sami hotonsu, na faɗi. In na faɗi kuma ba ni da abin yi da rabin gona, kamfanin gidaje ya daɗe yana nema."

Verlyn ya dubi ƙasa. In ƙanensa ya ci, a kori Ovidio. In ƙanensa ya faɗi, a sayar da rabin filin da shanu ke ci. Gaba kura, baya siyaki.

Ranar Asabar shi da Darlene suka yi tatsar safe su kaɗai, har ƙarfe tara ba su gama ba, shanu na kuka, baƙi na ɗaukar hoto suna cewa abin sha'awa. Curtis ya hau bayan tarakta ya yi jawabi, aka tafa masa sosai a kan maganar takardu. Wata 'yar jarida ta tare Verlyn yana ɗingishi da bokiti.

"Ranka ya daɗe, wa ke tatsar shanun nan duka?"

"Iyali," in ji shi.

Gidan Ovidio yana bayan rumbun ciyawa, labule a sauke, amma lasifika ba ta san labule ba. Ƙarfe uku, jama'a sun watse, Ovidio ya fito tatsar yamma kamar kullum. Ya ɗaura wa saniyar farko inji, bai ɗago ba.

"Maigida, ɗan'uwanka ya iya magana."

"Bakinsa ne sana'arsa."

"Ka tafa?"

"Hannuna da bokiti."

Ovidio ya murmusa. "In ya ci, za ka tambaye ni katin nan?"

Verlyn ya so ya ce a'a. Amma shi bai taɓa karya doka da ido biyu ba, ido ɗaya yake rufewa. Ya ce, "Bari a ga zaɓen fidda gwani tukuna."

"Wani ya yi mini tayin aikin rufin gidaje a birnin Minneapolis. Can mutane da yawa, ba mai kallon wani. Zan kai ka Agusta."

Curtis ya ci zaɓen na Agusta da rata mai yawa, har da ƙuri'ar yayansa, don jini jini ne. Ovidio ya wanke injina tas, ya rataye mabuɗin gida a ƙusa, ya loda iyalinsa.

Yanzu Verlyn ya sayar da shanu ɗari, yana fama da sauran. Ya liƙa takardar neman ma'aikaci a coci da shagon abincin dabbobi. Mutum ɗaya ne ya zo, ɗan gari, takardunsa cif. Ya yi kwana uku ya ce warin ya yi masa yawa.